Lita Ɗari Biyu

Ran Litinin na tsamo ta bakwai.
Rawaya ce, mai baƙin ɗigo a gindin wutsiya,
ta kife bayan dutsen murjani,
baki buɗe, kamar mai jiran in duba mata haƙori.
Shekara talatin ina leƙa bakunan mutanen Valparaíso,
wannan ne bakin da ya gagare ni karantawa.

Na zargi gishiri, na auna: daidai.
Na zargi zafi, ma'auni bai gusa daga ashirin da biyar ba.
Na zargi Amparo mai shara,
wai ko feshin goge gilashi ya faɗa ruwa.
Ta ajiye tsumma, ta dube ni,
sai da na ba ta haƙuri sau biyu.
Har ƙaton shuɗin nan mai neman rigima na zarga,
na killace shi da raga.
Washegari shi ne na takwas.

Ximena Huenchullán ta hauro tudunmu tana haki,
jakar kwalabe a kafaɗa.
Ko kallon kifin ba ta yi ba, ruwa ta ɗiba.
Ɗigo takwas, ta girgiza, ta jira.
Inda ake fatan rawaya, sai ga kore shar.
Ta ce, "Amoniya, likita.
Cikin ƙazantarsu suke iyo.
Ruwa ba ya tsami banza.
Yaushe suke mutuwa?"
Na ce, "Kullum da safe nake tarar da su."
Ta ce, "In fitila ta mutu, gansakuka ta daina ba da iska,
ita ma ta shiga layin masu shaƙa.
Ƙirga mini su."

Talatin da uku.
Ta ce, "Gidan sha biyu ne wannan."

Ta ina zan fara mata bayani?
Goma kaɗai na saya da kuɗina.
Don Belisario, matuƙin kwalekwale, bai da na ciko,
ya biya ni da masu ratsin lemo guda biyu.
Wata gwauruwa ta kawo ukun mijinta a tukunyar miya.
Yaron da suka koma Antofagasta
ya bar mini nasa, da sunansa a takarda.
Kowane yaro mai kuka a ɗakin jira kuma,
nakan ce, zo ka ba kifi abinci.
Yara ashirin a wuni.
Ni alheri na ɗauke shi.

Ta rubuta mini magani a bayan takardata ta magani:
canza rubu'in ruwa yau, jibi ma haka.
Kwana uku ba abinci.
Kar ruwan famfo ya taɓa matata,
akwai ƙananan ma'aikata a ciki da ido ba ya gani.
Juya bakin inji sama, fuskar ruwa ta riƙa karyewa.
Ashirin da ɗaya su fita.

Na ce, "Ai lafiyarsu ƙalau."
Ta nuna hoton da ke bangona,
bakin yarinya mai haƙora bisa haƙora.
Ta ce, "Waɗanda ka cire mata, ruɓaɓɓu ne?"

Ban amsa ba. Na ɗauko bokitai.
Zaɓen ya fi cire turmi wuya,
nan babu allurar kashe zafi.
Na bar na yaron Antofagasta.
Ukun gwauruwa sun tafi tare, kamar yadda suka zo.

Kwana tara ke nan ba gawa.
Koren kwalba na komawa rawaya, sannu-sannu.
Akwai fili a ruwan yanzu,
har ina ganin bango ta cikinsa.

Ga Don Belisario can yana hawo matakala,
kumatu a kumbure,
leda mai ruwa tana lilo a hannunsa.
Ina tsaye bakin ƙofa
ina gwada "a'a" a bakina,
kamar sabon haƙorin roba.