Littafin Bashin Sahadatu

Kafin ladanin Zangon Ayigya ya buɗe baki
na tace gasara, na hura gawayi.
Ƙarfe biyar muke tsallake titin Akra,
bokitin koko a kaina, ƙosai a hannun Muniratu,
mu kafa teburi a gindin mangwaron bakin shinge.

Ni ban iya karanta allon da suka kafa ba,
mai hoton gini fari fat da tagogi kamar ruwa,
amma na san ginin nan tun yana rami.
Na san shi ranar da ruwan sama ya cika tushensa,
kwaɗi suka yi mako biyu suna ba da darasi a ciki
kafin jami'a ta turo injin zuƙe ruwa.

Hawa na farko, kofi arba'in nake sayarwa.
Hawa na biyu, saba'in, har na ƙara bokiti.
Ayine mai lanƙwasa rodi, koko ba sukari.
Boakye kafinta, ƙosai biyar, yana hawaye yana cewa a ƙara yaji.
Mutawakilu birkila kuwa kullum,
"Inna, rubuta, sai Juma'a."
Muniratu ta rubuta da jan biro
a bayan tsohon littafinta na lissafi.

Sai kuɗi ya maƙale a wani ofis.
Wai takarda ce ke jiran hannu.
Wata bakwai hannun bai iso ba.
Rodin da ke kan dakali ya yi ja kamar goro,
ciyawa ta haura baro, akuya ta haihu a ɗakin gwaji,
siminti buhu goma sha ya koma dutse.
Ayine ya koma arewa noman gero
da sidi tamanin da shida nawa a cikinsa.
Ban riƙe shi ba. Ciki ba ya jiran sa hannu.

Ranar wata Talata na ji ƙasa tana rawa.
Motar kankare ce, tana juya tumbinta,
injiniya Oforiwaa a gaba da farar kwalkwali,
takalminta duk jar laka.
Ta sha koko a tsaye, ta biya, ta bar canji.
Ta ce hawa na huɗu kafin ruwan bazara,
rufi kafin azumi, in kaya sun iso.
Na ce Allah ya sa, na ƙara mata ƙosai.

Yau an zuba dakalin ƙarshe.
Sun jera kwano daga ƙasa har sama,
hannu ya ba hannu, ba wanda ya zauna.
Masu waya suna ja, masu fenti suna gwada kala a bango.
Ayine ya dawo, ya rame,
ya ajiye min sidi hamsin da rabin buhun gero.
Muniratu ta ja layi a kan sunansa,
na ce kada ta danna biron, sauran talatin da shida.

Da la'asar mai gadi ya matso, yana sosa ƙeya:
in an yanke zare an buɗe ƙofa,
wurin nan furanni za a shuka,
ba teburi, ba murhu, ba hayaƙi.
Na yi shiru. Shekara uku ina roƙon a gama,
ashe tashina nake roƙo.

Muniratu ba ta ji shi ba.
Tana ƙirga tagogi da yatsa,
ta tsaya a ta bakwai, hawa na uku, ɓangaren gabas.
Ta ce, "Inna, daga can ana hango rufinmu."
Jarrabawarta saura wata biyar.
Ban ce mata komai ba a kan kuɗin makaranta.
Na ce ta rufe littafin, ta ɗauko murfin bokiti,
gobe masu dabe za su zo su ashirin,
dole a jiƙa gero da wuri.