Mai Jinyar Masu Jinya

Na sauka a Kwangila da jaka ɗaya,
ƙafar dama ta yi barci tun daga Jaji.
Ɗan acaɓa ya ce, "Alhaji, ina muka nufa?"
Na ce, "Makka dai da saura,
Shika za ka kai ni, wajen masu jinya."
"Wa ke kwance?"
"Babu nawa."
Ya waiwayo ya dube ni, har muka kusa barin hanya.

Aikina ba shi da suna a takarda.
Likita na da mai ciwo, nas na da allura,
nawa su ne na bakin baranda,
masu tabarma da bokiti da fulas,
masu cin tuwon jiya a tsaye,
waɗanda kowa ke ce wa "Ya mai jiki?"
ba mai cewa, "Ke fa, kin kwana lafiya?"

Ladidi ta kwana arba'in da uku gefen gadon mijinta.
Ta san ɗigo nawa ke sauka daga ledar ruwa,
ta manta rabonta da kitso.
Na ce, "Tashi ki je, zan zauna."
Ta ce, "Ai bai san ka ba."
Na ce, "Kafin ki dawo mun saba."
Ta tafi Samaru bayan azahar,
la'asar sakaliya sai ga ta,
rabin kai a kitse, rabi a tsefe,
wai zuciya ta ƙi zama gaban makitsiya.
Ta tarar muna gardamar farashin masara.

Ni mutum ne mai son dara.
'Ya'yanta na ƙulle a tsohuwar safa,
duk inda ƙasa ta yi laushi, na haƙa gurabe.
Istifanus na Wusasa, mai juya mahaifiyarsa sau shida a dare,
ya cinye ni sau uku a jere ƙarƙashin dalbejiya.
Ya tuntsire da dariya,
sai ya kama baki kamar wanda ya yi sata.
Na ce, "Sake ta, ɗan'uwa.
Ba daga kwanan Mama ka ɗebo ta ba."

Ina kuma son tsuntsaye.
Da asuba nakan ƙirga balbelu masu wucewa ta kan rufin asibiti,
in rubuta a ɗan littafi, kusa da lambobin mutane.
Wata tsohuwa daga Giwa ta leƙa ta ce,
"Yaro, wa ke biyanka wannan?"
Na ce babu.
Ta ce, "To rubuta ni ma, Delu, guda ɗaya."

Masu tambaya me ya raba ni da gida,
ga amsar, ba ta da tsawo.
Shekara bakwai na yi ina ɗaga mahaifina ina kwantarwa.
Wani dare, a wani asibitin, wani mai jar hula
ya dafa ni ya ce, "Je ka rintsa."
Awa ɗaya na yi.
Na farka, ya ba tsoho ruwa, ya gyara masa mayafi, ya tafi.
Ban san sunansa ba har yau.
Shi ya sa ba na wuce baƙuwar fuska,
kowace hula sai na duba.
Bashin awa ɗaya nake yawon biya.

Ran Juma'a na tarar da gadon an canja zani,
babu tabarmar Ladidi, babu bokiti.
Nas ta miƙo min ƙullin ƙuli-ƙuli,
"In ji ta, a ba mutumin nan mai dara."
Ban tambaya ba ko sallamar asibiti ce,
ko sallama da duniya.

Yanzu ina motar Funtuwa, Kufena na ja da baya.
Na kusa da ni ya rungume ledar magunguna,
idonsa ja, kansa na rinjaya.
Na kwance ƙullin, na miƙa masa.
"Sannu. Wa kake jinya?"