Ɗakin da Ke Bin Mota

Daga tashar jirgin Tema na jawo shi a bayan babbar mota,
ɗaki mai taya biyu, fari, da 'yar taga,
da gado, da murhu, da ƙofa mai kuka.
Na ce na gama kwanan benci a daren kasuwar Ejura,
atamfata da ni za mu kwana a inuwa guda.

Da safe na shiga Suwame Magazin,
inda guduma ba ta gajiya da ƙarfe,
na ce, Masta Ɗantani, ƙugiya nake so,
ka yi mata walda a gindin 'yar motata.

Bai taɓa wuta ba.
Ya zagaya ɗakin sau biyu kamar mai tayin sa,
ya durƙusa, ya goge wani ƙaramin allo da yatsa,
ya karanta nauyin da aka buga a jiki.
Sannan ya dubi motata, ya yi dariya ta hanci.

Ya ce, Barau, motarka kilo dubu ce da kaɗan,
wannan kuwa, kafin ka sa ko allura, ya kusa kamo ta.
Ƙara dila shida, ƙara tulun gas, ƙara jarka.
Wa zai ja wani?
Ja ba shi ne abin tsoro ba, ko akuya ta ja turke.
Tsayawa nake tambaya.
In na baya ya fi na gaba nauyi,
birkinka shawara ce kawai, ba umarni ba.

Ya sa sikelin masu doya a ƙarƙashin hancin ɗakin,
allura ta yi rawa ta wuce inda yake so.
Ya ce, kaya masu nauyi bisa tayoyi, ƙasa ƙasa,
ba can ƙurya ba, ba nan goshi ba.
Madubi mai dogon hannu. Sarƙar tsaro. Fitilar baya.
Amma duk wannan ado ne ga wanda ya sami mota.

Na ji haushi. Na tsallaka layi uku,
na sami yaro mai walda da ba ya tambaya.

Hawan Mampon mun yi shi da giya ɗaya,
inji na haki, kuloci na warin ƙonannen gashi.
A dawowa ne, a gangara,
wata tirelar katako ta wuce mu da iskarta,
sai na ji wutsiya ta fara kaɗa kare.
Hagu. Dama. Hagu mai faɗi.
Sitiyari a hannuna ya zama faifan banza,
ɗakin ya leƙo ni ta madubin nan, ya leƙo ta wancan,
bakina ya kama salati da kansa.

Ciyawar gefen hanya ce ta karɓe mu.
Masu sayar da kwakwa suka zo a guje,
wata tsohuwa tana ta faɗa da Asantanci
tana kakkaɓe mini ƙasa daga shudiyar atamfa.

Ɗantani bai ce ai na faɗa ba.
Ya yanke ƙugiyar, ya miƙo mini ita da zafinta a tsumma,
ya tambayi lafiyar gida.

Yanzu ɗakin yana Abuwabu, ƙofar gidanmu,
an tokare tayoyinsa da bulo huɗu.
Tasalla ta sa keken ɗinkinta a ciki,
'yan makaranta na fakewa in ruwa ya sauko.
Ni ina zubin adashi duk Juma'a,
akwai wata tsohuwar a-kori-kura mai faɗin ƙirji
da Ɗantani ya riga ya auna mini da ido.
Benci kuwa, a Ejura, har yanzu ya san bayana.