Tonkan Inna Ige

Ranar da aka kwashe damin gero na ƙarshe daga gonar Arzika,
ni ban je wajen sussuka ba.
Na zauna gindin katanga da tsohon masaki,
ina murza busasshen tonka a tafin hannu
har atishawata ta watsa kajin gida.

Ƙasar bakin rijiya kashi biyu,
kashin awakin da ya shekara kashi guda,
sai toka ɗan barbaɗe.
Haka Inna Ige ta koya mini,
ita da ba ta taɓa awo da mudu ba,
ido ne ma'auninta, sai kan yatsa.

Nomau ya leƙo ta saman darni:
"Mi kaka yi, Jabbi? Ɗari na bisa hanya,
wa ka shibka tonka yanzu?"
Na ce masa da sanyin safe ake kama fara.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Kwana goma, shiru.
Kwana goma sha huɗu, ƙasa ta ƙi magana.
Ruwan da zan ba su sai ya sha hantsi a buta,
don na randa yana sa iri ya ƙudundune.
Da magariba in ɗauki masaki kamar jinjiri
in kai shi kusa da murhu,
inda toka ke riƙe ɗumin tuwon dare.

Ran na goma sha bakwai suka fito,
a sunkuye, kamar sahu ya yi ruku'u,
kowane da ɓawon irinsa a ka, 'yar hula.
Na ƙirga arba'in da ɗaya.
Na sake ƙirgawa don daɗi kawai.

A bayan randa kuwa uwarsu ke tsaye,
wadda Inna ta dasa daminar da ta yi mana sallama.
Na sa aska na rage mata rassa
har ta koma kamar ƙafar zakara.
Hajo ta ce, "Wannan ai ƙirare ne,
bari in hura wuta da shi."
Na ce ɗarin Kwalkwalawa ba ya kisa,
barci yake sa itace.
Dare ya yi in lulluɓa mata buhu,
rana ta ɗaga in yaye,
ruwan alwalata kuma nata ne.

Wata Juma'a muna masallaci
akuyar Nomau ta samu ƙofa a buɗe.
Tara ta bar mini.
Tara, da sawun kofato a cikin masaki.
Ya zo da goro biyu fari yana sosa ƙeya,
na karɓa, amma kwana biyu
gaisuwata ba ta wuce "lafiya" ba.

Ban san daren da sanyi ya naɗe tabarmarsa ba.
Na dai fito asuba babu mayafi,
na duƙa bayan randa,
sai ga toho a gaɓar da na yanke,
kore shar, bai kai ƙumbar jariri ba.

Taran nan na kai su fadama, bakin Rima,
na dasa su da yamma, na kafa musu kara,
sa'ad da masu dariya ke neman iri a kasuwa.
Uwar kuwa ta riga kowa fure,
farare, kai ƙasa, masu kunya.

Biyar suka fara nuna, ja wur.
An ce tsada suke a Kara, mudu ya yi fiffike.
Ban kai ba.
Hajo ta daka uku a miyar kuɓewa,
na aika wa Nomau ɗaya a cikin ganye,
ɗaya na rataye a rumfa, irin baɗi.

Muna ci, ƙaramar 'yata Tumba ta dube ni:
"Baba, kuka kake yi?"
Na ce yaji ne.
Hajo ta turo mini kwaryar ruwa,
ba ta ce komai ba.