Mai Ɗaukar Ragar Ƙwallo

Kafin ladan ya sauke murya
nakan riga kaji zuwa filin,
in share ganyen dogonyaro daga kan siminti,
in tsallake tsagewar nan ta kusa da layin jifa
da ke ƙara baki kowace damina.
Ƙwallo bakwai gare mu. Biyu suna sacewa.
Ni ke ba su iska da famfon keke.

A takarda sunana mataimakin koci.
A bakin ɗaliban kwaleji, Yaya Sidi.
A bakin babana,
da ya ƙare ƙarfinsa kan layin dogo na Ƙaura,
ban samu suna ba tukuna.
"To kai mi kaka yi? Wasa?"
Na ce aiki ne, Baba.
Ya dubi takalmana, ya ci gaba da jan carbi.

Shekara huɗu baya ni ke tashi sama
har yatsuna su gaisa da ƙarfen kwando.
A Kaduna, saura minti uku,
na sauko, gwiwata ba ta sauko tare da ni ba.
Na ji ƙarar kamar an karya rake.
Mai ɗori ya yi nasa, asibiti ta yi nata,
amma tsallen ya tafi bai bar saƙo ba.

Koci Maigwandu ya same ni a benci ina kallon yara.
Bai ce sannu ba.
Ya miƙo littafi mai bangon ja da biro,
ya ce, "Rubuta wanda ya gaji kafin ya sani."

Sai na koyi gani.
Nafi'u yana lasar leɓe in zai yi hagu.
Dogon nan Ɗanjimma, ɗan Zuru,
yana tsoron ƙwallo ranar da bai karya ba,
don haka nakan zo da ƙosai a leda,
in ce ragowa ne.
Alawus ɗina yana zuwa kamar ruwan bazara:
a ji ƙamshi, a ga hadari, a kwana da ƙishi.

Ranar wasan Gusau zazzaɓi ya kwantar da Koci.
Mota ta tashi da mu goma sha ɗaya da jarka biyu.
Ana binmu takwas, na nemi hutu,
suka kewaye ni suna haki, ido goma a kaina,
allon zane kuma na manto shi a gida.
Na zana a tafin hannuna.
Gumi ya cinye rabin zanen
amma Nafi'u ya gane.

Mun faɗi da maki biyu.
Ba wanda ya yi magana har muka wuce Kasuwar Daji.

Da dare na je gaishe shi.
Yana cikin bargo, ya kama hannuna,
ya daɗe yana karanta abin da ya rage na tawada.
"Nan ka yi kuskure," in ji shi. "Nan kuma, ni ban taɓa tunaninsa ba."
Ya nuna ƙusa a bango inda usur ke rataye.
"Ɗauka. Aro ne."

Yau wata biyar bai tambaya ba.
Har yanzu ni ke share filin,
ni ke ba biyun nan iska.
Jiya na hango Baba a bakin waya,
ya jingina keke, wai hanya ce ta biyo da shi.
Ya tsaya har muka tashi.