Ƙafar Hagu

Mu huɗu muka sauko da ogan ɗin,
matakala goma sha ɗaya,
Wendell yana zagi a gaba, ni ina addu'a a baya.
Ƙarƙashin shagon wanki ne, arewacin Filadelfiya,
inda rufi ke shafa kan dogon mutum.
Odessa ta riga ta soya kifi,
ƙauri ya kama labule, ya kama kwat,
ya kama har fatar gangunana.

Earline ta iso a makare, da sanduna biyu a hammata.
Wata biyar rabonmu da ita.
Kowa ya ce sannu da zuwa,
kowa ya yi ta kallon silin.

Shekara goma sha tara ina zaune a bayan matar nan,
ban taɓa neman hanya a fuskarta ba.
Ƙafarta nake bi,
ta hagu, cikin safa ruwan toka,
takalmi a ajiye gefen benci,
tana taka katakon ƙasa
kamar mai tsallake rafi bisa duwatsu:
dunduniya, yatsa, dunduniya.
Inda ta sauka, nan nake sauka.
Ciwon suga ya zo karɓar bashinsa a watan Maris,
likita ya biya shi daga gwiwa zuwa ƙasa.

Ta danna makunni na fari, ta ƙirga takwas,
ta danna na biyu.
Injin ya yi gyaran murya irin na tsoho da asuba.
Cikin akwatin katako fanka ta soma juyi,
a hankali,
tana watsa sauti bango-bango.

Mutum goma sha uku na ƙirga.
Direban bas da bai cire rigar aiki ba,
nas biyu da suka tashi daga asibiti,
Mista Gaddis da kwalbarsa guda
wadda yake reno har a rufe ƙofa.

Ɗaya, biyu.
Wendell ya shigo da jita, sumul.
Ni kuwa idona ya tafi inda ya saba,
ya tarar da wando a naɗe da fil.
Na makara.
Na sake makara.
Sandata ta faɗa rami kamar makaho a baƙuwar unguwa.

Ba ta waiwayo ba.
Ta ce, Cleon, ɗago kanka,
ba a ƙasa nake ba.

Sai na rufe ido.

Ashe tafiyar tana nan.
Ta tattara ta, ta mayar hannun hagu,
yatsu biyar suna takawa can ƙasan maɓallai,
da ɗan ɗingishi, da ɗan jan ƙafa,
irin tafiyar wanda ya san gida ko babu fitila.
Hannun dama yana wa'azi a sama,
ya riƙe sauti guda, ya ƙi saki,
ya ƙi saki,
har kofuna suka hau rawar sanyi a kan kanta,
har nas ɗaya ta ɗaga hannu ta ce, faɗa musu!
An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Daren nan na ga ya ɗauki ɗaki da mutanensa.

Da na buɗe ido gumi ya ci kwalata.
Na saci kallo sau ɗaya tak:
gwiwar tana sama tana ƙasa,
tana taka abin da ba ta kai gare shi,
ba ta kuskure ko sau ɗaya.

Ƙarfe biyu saura.
Dala tamanin da shida a cikin gwangwani,
ba ta rabuwa uku, Odessa ta cika ɗaya.
Muka fara haurawa da Earline a kan kujera,
ba ta kai rabin nauyin ogan ba,
amma ta fi shi surutu:
Wendell ya yi sauri a waƙa ta uku,
ni kuma in sayi sabon faifan tagulla,
wannan ya tsage tun bara.

Muka ajiye ta a mota,
muka koma ƙasa ɗauko ɗayan.