Tafarnuwar Wurno

Wata bakwai ke nan ina Sakkwato,
daga ɗakin karatu sai ɗakin kwana,
sai wayar Kumasi kowace Juma'a,
Mma na tambaya ko na yi ƙiba.
Ran nan na kife littafi, na nufi tasha.

Motar Arzika mutum shida take ci,
mu tara muka shiga, ban da tunkiya.
Wani ya aza mini buhun gishiri a cinya,
ya ce, "Riƙa min, ɗan'uwa," ya kama barci.
Da muka wuce Acida
injin ya soma tarin tsohon mashayin taba,
Arzika na shafa sitiyari, yana ba shi haƙuri.

Wurno a kan tudu ta yi zaune,
jan dutse a gindinta, jar ƙasa a bangonta.
Na tsaya bakin gangare na leƙa:
fadama ce shimfiɗe, kore shar,
ruwa na ƙyalli daga fangali zuwa fangali,
jakai na hawowa da mangala, ba su ko duban gefe.

Kasuwar kuwa, hancina ya riga ni shiga.
Albasa tsibi-tsibi, ja kamar idon mai fushi,
shinkafa a kwano an yi mata tozo,
tafarnuwa a ɗaure, fara fat,
kamar an tara haƙoran gari a tabarma ɗaya.

Na durƙusa gaban Nomau, bakina ya zame:
"Wannan sidi nawa?"
Ya dube ni sama da ƙasa.
"Sidi guda ag gare mu, kuma ya tahi hwadama."
Rumfa ta kwashe da dariya,
har mai kifi ya bar kifinsa ya zo kallo.

"Mi as sunanka, baƙo?"
"Fuseini."
"Husaini ke nan. To, ina Hasan naka?"
Na ce yana Kumasi, yana gyaran babur.
Ban san maganar za ta tsaya mini a wuya ba.
Tun muna ciki ba mu taɓa raba kasuwa ba,
sai yau.

Na ce musu kakan kakana daga nan ƙasar ya tashi,
da jakai da kanwa, neman goro a Gwanja,
bai komo ba.
Sunansa?
Baba Sakkwato kawai muka gada.
Wata tsohuwa, Kulu mai hura, ta ajiye ludayi:
"Ɗana, wane gida na bai da wanda yat tahi Gwanja?"
Ta dama, ta miƙo, ta ture hannuna da kuɗin.
"In namu na kai, sha naka.
In baƙo na kai, sha na baƙo.
Ƙwaryar dai guda ta."

Na sha.
Gero da tsamin nono da yaji kaɗan a ƙarshe.
Ban ji wani kakana ya yi magana a ciki ba,
amma na shanye har na kaɗa ƙwarya.

La'asar ta yi, inuwar tudu ta gangara fadama.
Nomau ya ƙara mini ɗauri biyu gyara,
ya ce ɗaya na Hasan ne, kada in ci amana.
Mai gishiri bai komo ba,
wannan karon zakara aka ba ni riƙo.

Yanzu dare ya yi, fanka ta tsaya,
ɗakin duk warin Wurno.
Abokin kwanana ya ɗauki tabarma ya fita waje.
Na rataye ɗaurin Hasan a ƙusa, kusa da taga,
na lissafa: saura wata huɗu hutu.
Tafarnuwa tana jira, in ji Nomau,
in dai ba ta taɓa ruwa ba.